Zulaiha Ba Ta Da Makunni

Wani gida ne a Azare, ba zan faɗi unguwar ba. Babban ɗansu Uzairu gyaran kwamfuta yake. Ran nan dab da magariba ya zo da wata kwamfuta gida, ƙanwarsa Zulaiha na tsugune tana kallo. Ya ce akwai 'yan ƙananan furogiram maƙale a zuciyar kwamfuta, ɗaya zai cire. Kwamfuta ta ƙi, wai ana amfani da shi, wasu sun rataya a jikinsa. Ya fizge shi da ƙarfi. Allon ya sandare.

Ya yi dariya. "Ba komai, kashewa za a yi a kunna." Ya kashe, ya kunna, ta tashi.

A lokacin dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan.

Daga ranar, kullum magariba sai jifa. Zulaiha ta fara magana da muryar tsoho. Maƙwabta suka daina aiko yara. Babansu, Alhaji Giɗaɗo, kunya ta ishe shi, ya ɗauko Malam Mamman daga Katagum.

Malam ya yi ta karatu har Zulaiha ta fara karkarwa.

"Wane ne kai?"

"Tun zazzaɓin da ya kusa kashe ta nake ciki," in ji muryar. "Harshenta da ƙafafunta a jikina suke rataye. Zan fita, Malam. Amma ku bar ni in kwance su ɗaya bayan ɗaya, zuwa tsayuwar wata."

Malam ya dubi Alhaji. "Ni dai da an jira."

Uzairu ya yi tsaki. "Baba, haka kwamfuta ma take cewa. Fizge shi ake yi, daga baya ta tashi."

"Ka ji ko," in ji Alhaji. "Yau nake so, Malam. Na gaji da bakin mutane."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Zulaiha ta ce "Yaya," da muryarta ta gaskiya. Sai shiru.

Jifa ta tsaya. Alhaji ya fita ƙofar gida yana gaya wa mutane an samu lafiya.

Tana nan kan tabarma har yau, ido buɗe, sai an ɗura mata kunu. Uzairu yakan zauna kusa da ita da magariba, ya rufe mata ido da yatsa, ya jira, ya buɗe.