Loma Ɗaya ta Zeinabou

Ga ta nan, ku matso kusa. Kun ce ta zo ku ji ta? To, wannan ba ta dariya ba ce, 'ya'yan nan.

Salissou ɗan Maraɗi ne, dako yake yi a kasuwar kayan marmari ta Aziziya, can birnin Riyad. A unguwar Manfuha yake kwana, ɗaki ɗaya da Jibirilla da Nafiou, faranti ɗaya suke ci. Ƙanwarsa Zeinabou tana aikatau a unguwar Ulaisha. Shi kuwa ya faɗa cacar karta ta cikin waya, wadda suke ce wa poka. A tebura na ƙananan kuɗi yana ɗan lasa, amma duk ranar da ya hau babba sai a tsiyata shi.

Wani ya raɗa masa labarin boka a bayan rumbunan kasuwa. Da tsakar rana ya je. Ɗakin ba taga, sai wani mataccen firji. Da bokan ya buɗe shi, ga ƙoƙon kan rago an naɗe da baƙin ƙyalle, ga ruɓaɓɓen rumman, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Ya yanka zakara a kan wayar Salissou, ya tsaga masa babban yatsa, ya danna shi cikin jinin.

Bokan ya ce teburin da Salissou ya ci sau ɗaya ba zai ƙara ba shi ba, sai ya hau na sama.

Salissou ya tambayi ladan aiki.

"Ni ba na karɓa. Tebur ke karɓa. Duk wanda ka ce wa bismilla a kan abincin kuɗin nan, ka zaunar da shi a teburin."

"Zaunar da shi kawai?"

"Yalla, tashi. Ka ji abin da ka ji."

Salissou ya hau tebur ya ci, ya sayo kabsa, shinkafar Larabawa, da rabin rago, ya ce wa abokan ɗakinsa bismilla. Har Jibirilla na tsokanarsa wai ko ya gaji kafilinsa ne, ubangidansa Balarabe. Ranar da ya hau tebur na gaba, motar kankana ta yi baya ta matse Jibirilla da bango, ƙirjinsa ya fashe. Salissou ya ce ajali ne, ya sake hawa. Nafiou na cikin fere lemo ya juya wuƙar a fuskarsa, yana yanka yana dariya, sai da ƙarti suka danne shi.

Nan Salissou ya gane. Ya koma cin abinci a ɓoye, ƙofa a kulle.

Wata Juma'a ya manta bai kulle ba. Zeinabou ta samu hutu, ta turo ƙofa da sallama, ta tarar da shi da faranti a gaba. Ku kun san mu, uwa ba ta barin ɗanta ya ci a gaban mutum bai yi tayi ba. Bakinsa ya riga shi.

"Bismilla, Zeinabou."

Ya zabura ya kife farantin, amma ta riga ta kai loma ta haɗiye.

"Yaya, rowa ka koyo a Riyad?"

Ya rantse ba zai ƙara hawa ba. Sai teburin ya soma cinye shi, kuɗin na zurarewa kamar ruwa a kwando. Da ya bari su tafi, da shi ke nan. Amma ya zauna yana lallashin kansa, wai loma ɗaya ai ba ci ba ce. Ya danna yatsan a kan wayar.

Ya ci abin da bai taɓa mafarki ba. Kafin la'asar aka kira shi: Zeinabou na goge taga a bene ta faɗo ta ka.

Ya ɗauko wuƙar kankana, ya ɗora hannun a bakin ƙofa, ya sare yatsan, ya ci gaba da sara har wuyan hannu.

An binne Jibirilla da Zeinabou a Riyad. Nafiou na ɗaure a ƙauyensu. Bokan ya ɓace, firjin kawai aka tarar. Salissou an mayar da shi Maraɗi da dungu, ba ya iya haɗiye komai in da mutum a kusa.

Ku kiyayi kwaɗayi, 'ya'yan nan. Wanda ya ce zai ba ku ba da gumi ba, ku tambaye shi wa zai biya, don daga cikin naku zai ɗauka.