Bafal Ɗin Tsakiya

Ranar da Nasrullahi ya fara shiga shagon Malam Ɗantsoho a bayan kasuwar Rood Woko, amfili ya je saye, na'urar nan da ke rarraba sauti zuwa lasifikoki. Ya nuna wani ƙaton kwali mai rubutun wat dubu uku. Ilham, 'yar mai shagon, ta dubi kwalin, ta dube shi.

"Wannan lambar ta talla ce," in ji ta. "Nemi inda aka rubuta RMS, can gaskiyar take. Ɗakin taku nawa ne?"

Bai sani ba. Ya koma Zango ya auna, washegari ya dawo.

Tela ne, kuɗinsa kaɗan, ya kuma ƙudurta ba zai saya ba sai ya gane abin da yake saye. Ilham ta koya masa cewa 5.1 lasifika biyar ne, su bafal a bakin 'yan kasuwa, da ɗaya na gangar ƙasa, mai fitar da sauti mai kauri. Ta koya masa om, wani ma'aunin lantarki, cewa in na bafal bai dace da na amfili ba, amfilin zai yi zafi ya ƙone. Na tsakiya kuwa shi ke ɗauke da muryar mutane. Wannan batun kam, sai da ya sa ta maimaita masa har sau uku.

Kafin wata ya cika, karatu ya zama so, kowa a layin ya gani.

Malam Ɗantsoho bai ji daɗi ba. "Wata guda yana sintiri, ko batir bai saya ba. Wanda ya kasa yanke shawara kan amfili, ina zai iya riƙe gida?" Wanda yake so ya zama surukinsa shi ne Sagiru, ɗan kasuwa daga Kano, wanda ya sayi amfili mafi tsada a shagon ko tambaya bai yi ba. Ya hana Ilham fitowa shago.

Nasrullahi ya tura mata saƙo: "Malamata, na zo ban same ki ba. Na faɗi jarrabawa ne?"

Ta amsa: "Ɗalibina, Baba ne. Gobe ka zo ka saya a hannunsa. Ka san karatunka."

Da ya zo, tsohon ya turo masa ƙaton kwalin nan. Nasrullahi ya juya bayan kwalin ya karanta, ya mayar. Ya ɗauki wani ƙarami mai araha, wat hamsin, om takwas.

"Ana iya ƙara wa na tsakiya ƙarfi shi kaɗai, Baba?"

"Ana iyawa. Me za ka yi da shi?"

"Innata ce. Kunnenta ya yi nauyi, shekara biyu ba ta jin tafsiri a talabijin. In na ƙara sauti, ƙara kawai take ji. Ba ni da kuɗin saye sau biyu."

Malam Ɗantsoho ya karɓi kuɗin. Sannan ya ɗaure kwalin a bayan babur ɗinsa, ya ce shi zai haɗa da kansa. A ɗakin Inna, da ya gama haɗawa aka kunna tafsiri, ya ga tsohuwar ta juyo ta ce, "Ashe malamin nan ne har yanzu."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Inna tana gida tare da mata, don haka Nasrullahi ya ɗauko mata muryar liman a waya. Amarya da kanta ta jona wayar, ta ƙara wa na tsakiya ƙarfi.

Inna ta ji sunan ɗanta, ta ji na Ilham, ta ji Fatiha. Ta share ido.

"Allah ya yi muku albarka. Sake sa mini, 'yata."