Saman Jirgi Na Masu Takalmi Ne

A watan bakwai, lokacin da matattu ke yawo, ba a amsa kira da dare. Duk wanda ya tashi a kwalekwale ya san haka. Ni ma can na tashi, amma na ɓoye asalina, na sa takalmi irin na mutanen tudu, na samu aikin kwandasta a jirgin ƙasa na lantarki mai hawa biyu.

Wani dare, a sawunmu na ƙarshe, wata mata ta shigo a tashar Wan Chai, ƙafa ba takalmi, ta fara hawa matakala. Ba a yi ruwa ba, amma duk inda ta taka sai ya jiƙe.

Na ce, "Ke, sauko! Sama na masu takalmi ne."

Ba ta juyo ba. "Teku kawai zan hango. A da, a gefen layin nan yake."

"An cike shi da ƙasa tuni."

"Na sani. A kaina aka zuba." Sai ta sassauta murya. "Ha-jai."

Yayata kaɗai ke kirana haka, wadda na bari a kwalekwale daren guguwa.

Kafin in tuna watan da muke ciki, bakina ya riga ya ce, "Na'am."