Barmo da Azurfar Gwaggo

A wani gari can da, an yi wani mutum, Barmo, mai son ƙyalli. Takalminsa ƙyalli, haƙoransa ƙyalli.

Rannan gwaggonsa ta damƙa masa tsofaffin kuɗin azurfa da ta gada, duk sun yi baƙi. Ta ce, "Kai wa maƙeri ya duba lafiyarsu, da su zan gyara rufin ɗakina. Kada ka goge su!"

Barmo ya ce a ransa, "Kamar ni, in ratsa kasuwa da wannan dauɗa?" Ya samo toka da lemun tsami, ya dirje ɗaya. Da ya hango fuskarsa a ciki, sai ya gyara hula, ya duba, ya murza gashin baki, ya duba, har la'asar ta yi, sauran ko taɓa su bai yi ba. Ya kwashe su a guje.

Maƙeri ya jujjuya baƙaƙen, ya ce, "Madalla, zanensu bai shafe ba. Haka masu tarawa ke son su." Ya ɗaga mai ƙyallin. "Wane mugun ne ya kankare wannan? Sai dai narkarwa."

Barmo ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Haba maƙeri, mugu kuma? Da mummuna ne ni, ai da duka na dirje!"