Nauyin da Ke Bayan Motar Baffa Mantau

Ku matso kusa. Kai Ɗanliti, rage fitilar nan, in kuma dariya za ka yi, tashi ka ba mu wuri. Wannan ba tatsuniya ba ce. A gidanmu aka yi shi ina ƙarama, kuma wanda abin ya faɗa wa babana ne, Baffanku Mantau.

Kun san shi da faɗa yanzu da ya tsufa. To da ya fi haka. Sana'arsa a lokacin sayar da maganin dabbobi, yana bin kasuwannin ƙauye da rugagen Fulani. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ya saya tun kafin ya auri Innata. A bayanta yana jan wani ɗan ɗaki mai taya biyu da mai walda ya ƙera masa. Jikinsa ƙarfe, rufinsa kwano, ƙasansa kuma katakon wani babban maɗaci da aka sare lokacin da ake faɗaɗa hanyar garinmu. A ciki yake ajiye magani, a ciki yake kwana in tafiya ta yi nisa.

Da farko motar tana jan ɗakin nan kamar ba ta ja komai ba. Daga baya ta fara nishi. Kowace shekara sai abin ya ƙaru. Ya canja kuloci, ya canja giya, ya sa aka sauke inji. Ya rage kwalayen magani har ɗakin ya kusa zama wayam, amma tayoyinsa na lotsewa kamar an loda masa buhunan gishiri. Bakanikensa, wani Malam Jatau, ya ce shi dai bai ga ciwon komai a injin ba, wataƙila tsufa ne. Baba ya zage shi tas ya bar masa garejin.

Wata rana ya ɗauke mu, ni da Inna, zai sauke mu gidan suna a hanyarsa ta zuwa kasuwa. A tsakiyar wani hawa motar ta mutu, ɗakin ya fara jan ta da baya. Birki ya ƙi. Ƙasan gangaren nan rafi ne, kuma damina ce. Inna ta rungume ni tana salati. Sai motar ta tsaya cak a gefen wani ɗan rami, ba wanda ya san abin da ya tare ta.

Tun daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. Inna ta ce ko a sayar da motar ko ta kwashe ni ta tafi gidansu. Baba ya ce motar da ta ciyar da gidan nan tun babu ko tabarma a cikinsa, ba mace ce za ta sa ya rabu da ita ba. Ta ce wannan ba mota ba ce, kabari ne aka sa wa taya. Ya yi jifa da kwanon tuwo. Ta daina yi masa magana, abinci ma a bakin ƙofa take ajiye masa.

Abin da ya karya shi wani ne daban. Ciwo ya shiga garken wani Arɗo da suka daɗe suna hulɗa, aka aiko masa ya zo da allura. Motar ta kwana da shi a hanya. Kafin ya isa, shanu sun faɗi da dama. Arɗon ya faɗa masa a gaban mutane cewa ya riƙe maganinsa, ya ba motarsa ta sha.

Baba ya dawo gida idanunsa jajur. Ya tsaya a gaban motar ya tofa mata yawu. Ya rantse gobe zai kai ta birni wurin 'yan gwangwan, ya tsaya a kansu har su yanka ta gunduwa-gunduwa. Ɗakin kuma zai kai wa mai walda ya gyara masa ƙugiya, ya ɗaura shi a bayan wata motar.

Da hantsi ya fita, shi kaɗai. Don haushi bai bi kwalta ba, ya yanke ta tsohuwar hanyar burji da ke bi ta gindin Dutsen Gwauro. Ba kowa ke bin ta ba.

Rana na tsaka motar ta tafasa. Tururi ya turnuƙe gilashi, inji ya yi tari ya mutu.

Ya fito yana zagi. Ya harbi taya, ya naushi bonet. Ya sa tsumma ya fizge bututun lagireto na ƙasa, tafasasshen ruwa ya kwarara, ya bi ƙarƙashin motar, ya gangara har ƙarƙashin ɗakin. Bai yi bismillah ba. Ashar ce a bakinsa.

Sai ya ji kukan jariri. Sau ɗaya, gajere, kamar an toshe masa baki.

Dajin ya yi tsit. Kurciyoyin da ke kuka suka daina. Ya ce min har ɗigar ruwan lagireton yana ji.

Sai ƙamshin miyar kuka ya bugi hancinsa, da hayaƙin itace. A wurin da babu gida ko ɗaya.

Ya zagaya bayan motar a hankali. Ƙofar ɗakin, wadda shi da hannunsa ya sa wa kwaɗo da safe, tana buɗe. Wata mata na zaune a dokin ƙofar, doguwa, baƙa, da ɗaurin ƙirji na saƙi. Tana riƙe da yaro a cinya. Hannun yaron ya saluɓe daga yatsu zuwa wuyan hannu.

Bakinta ya motsa a gabansa. Muryar kuma a bayan kunnensa ya ji ta.

"Ka ƙona min ɗa."

Baba ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka a ƙafafunta. Dugaduganta ne a gaba. Yatsun suna kallon cikin ɗaki.

 Kun san Baffanku, tsoro ma ta hanyar faɗa yake fito masa. Ya tambaye ta wace ce ita, kuma uban me take yi a ɗakinsa.

"Ɗakinka?" in ji ta. "Katakon wa ka shimfiɗa a ƙasansa?"

Ta ce maɗacin nan gidansu ne tun kakanni. Da aka sare shi, ita da mijinta da uwar mijinta suka biyo katakon, don ba su da inda za su. Su uku ne a lokacin. Yanzu an haihu, an yi aure, an kawo surukai, jikoki sun zo. Sai ta ɗan gusa gefe don ya gani.

Ɗakin nan da ƙyar mutum ɗaya ke miƙe ƙafa a cikinsa. Amma Baba ya ce ya hango shi ya zarce ciki, zaure bayan zaure, duhu bayan duhu. Ko'ina idanu ne. Manya da ƙanana. Duk shi suke kallo, ba mai ƙiftawa.

A nan ya gane motarsa ba ta taɓa ciwo ba. Unguwa guda take ja.

Da wani ne da ya sume. Shi sai ransa ya ƙara ɓaci.

"Ashe ku ne," ya ce. "Na zagi bakanike. Matata ba ta yi min magana. Na tofa wa motar nan yawu jiya, alhali ku ne kuka karya mata baya. Kun kusa jefa min iyali a rafi."

"Mu muka tare ta a bakin ramin," ta ce. "Kafaɗar mijina har yau ba ta koma daidai ba. Rufe min baki."



Ta ce sun ji rantsuwar da ya yi. Ba za su zauna mai walda ya kai musu wuta ba, kuma su ma sun gaji da ashar ɗinsa safe da yamma. Tana da dangi a kan Dutsen Gwauro, cikin duwatsun can sama. Ya kai su can ya kwance ɗakin ya bar musu, kafin inuwar dutsen ta rufe hanya.

Baba ya ce motar da ta kasa shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ta hau dutse ba.

Matar ta ɗaga hannun yaron ta nuna masa.

"Abin da ke nan yana hannun 'yarka. Yana hawa. In ya kai wuya, ba ruwana."

Ku tsaya. Ɗanliti, kawo fitilar. Ku duba nan. Kun sha tambayata tabon mene ne wannan, ina ce muku ruwan zafi ne. Ban yi muku ƙarya ba. Sai dai ba wanda ya zuba min. Inna ta ce ina zaune a inuwa ina wasa da 'yar tsana, ba wuta a murhu, ba tukunya a kusa, sai na ƙwalla ƙara. Ta ga fatar yatsuna tana tashi da kanta. Tana kallo bororon yana tafiya, ya wuce wuyan hannu, yana hawa a hankali kamar tururuwa. Ta tsoma hannun a randa, ruwan ya yi ɗumi.

Can kuma Baba ya mayar da bututu, ya ɗaure shi da waya. Ruwan da ya rage masa na jarka ɗaya ne da na buta. Ya zuba, wannan karon da bismillah. Ya murɗa makulli. Ta ƙi. Ya sake. Ta kama.

Hanyar hawan dutsen ba hanya ba ce, turbar shanu ce, duk tsakuwa da zaizaya. Ya sa giya ta ɗaya. Motar tana kuka, tana rarrafe, baƙin hayaƙi na fita. Allurar zafi ta kwanta a ja. Ya leƙa madubi sau ɗaya, ya ga hannaye sun fito ta ƙarƙashin rufin kwanon sun riƙe gefe, dogaye, da yawa. Bai sake leƙawa ba.

Inuwar dutsen ta fara sauka.

A wurin da hawan ya fi miƙewa, motar ta tsaya. Inji bai mutu ba, amma tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, suna watsa tsakuwa. Sai ta fara zamewa baya. Ya taka birki har ƙasa, ba komai. A bayansa rami ne mai zurfi.

Baba ya zura kai ta taga, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Ku sauka ku tura! Shekara da shekaru ana jan ku kamar sarakai. Ku sauka, marasa kunya!"



Sai ya ji bayan motar ya ɗaga. Ya ji ƙafafu suna dira a ƙasa, dif, dif, dif, ba iyaka. Ya ji nishi. Motar ta daina zamewa, ta yi gaba. Ya dafa sitiyari ya ce mata, a hankali, yadda bai taɓa yi wa ɗan Adam magana ba, "Yi haƙuri. Saura kaɗan."

Ta hau.

A sama akwai wani fili tsakanin manyan duwatsu. Ya tsaya ya fito. Ba kowa. Sai sawaye birjik a ƙasa, na manya da na yara, duk sun biyo motar zuwa sama amma yatsunsu na kallon gangare. Ya cire ƙarfen ƙugiyar, zafinsa ya ɗauke masa fatar tafin hannu. Bai ɗauki ko kwalbar magani ɗaya ba.

Da ya koma mazauninsa, ya tarar da ƙunshin ganyen maɗaci a kan kujera, da toka mai sanyi a ciki. Muryar ta ce masa ya shafa wa yarinyar, kuma kada ya sake hawowa.

Motar ta sauko da shi kamar tsuntsuwa. Ya ce tun tana sabuwa bai ji ta haka ba.

Ya iso gida ya tarar da mata cike da tsakar gida, ni kuma na daina kuka don murya ta ƙare. Ƙunar ta wuce gwiwar hannu, ta tsaya ɗan ƙasa da kafaɗa. Ya shafa tokar. Kafin magariba ciwon ya bushe. Tabon ne bai tafi ba.

Da ya ba Inna labari, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce duk da haka a sayar da motar. Ya ce ko ƙusa ɗaya ba za a cire mata ba. Motar da ta ja unguwa guda ana zaginta ba ta taɓa ajiye kayan ba, ba shi zai miƙa ta ga masu yanka ba. Ya ci gaba da sana'arsa da ita, yana kwana a gaban mota a takure, bai sake ɗaura mata komai ba har ta mutu don kanta ina budurwa. Malam Jatau kuwa, Baba bai ba shi haƙuri ba. Ya dai aika masa zabi biyu.

Inna ba ta sake shiga motar ba. Kuma har gobe, in aka tayar da zancen, ba Baba take yi wa faɗa ba, matar nan take yi wa. Takan ce ɗan matar bisa kuskure ya ƙone, amma ni 'yarta da gangan aka ƙona ni. Ni ma abin da na gani ke nan. In sanyi ya shigo hannun nan yana min zugi, kuma ban yafe ba.

Ɗakin yana can har yanzu. Makiyaya na hango shi daga nesa, sun ce ko tsatsa bai yi ba, tayoyinsa ma da iska. Wani ya ce yanzu har a kan duwatsun kewaye ana ganin hayaƙin girki, da alama wurin ya fara yi musu kaɗan.

Don haka ku ji ni da kyau. In an aike ku ta wajen nan, ku bi kwalta, ko da ta fi nisa. Kada ɗayanku ya bi gindin Dutsen Gwauro shi kaɗai, balle da rana tsaka. In kuma ƙaddara ta kai ka, ka ga ƙofar nan a buɗe, ka wuce bakinka a rufe. Kada ka yi sallama. Za a amsa, sannan a tambaye ka ko akwai wuri a gidanku.