Taliyar da Bai Taɓa Ci Ba

Ranar da Kotone ta fara ganinsa, ruwan sama ake tafkawa a garin Ishinomaki da ke bakin teku. Tana tsaye bayan faffaɗan ƙarfen suya a rumfar babanta da ke daura da tashar bas, tana juya taliya, sai ga wani dogon saurayi cikin kayan direbobi ya faɗo rumfar yana kakkaɓe hula. Ya ɗago ido, ita ma ta ɗago. Ta zuba ludayin romon kifi a kan taliyar, tururi ya turnuƙe tsakaninsu, sai ta ga ya ja da baya da sauri.

"Tururi ne, ba ya cizo," ta ce. "Me za a ba ka?"

"Ni fakewa kawai na..." Ya sake kallonta, ya haɗiye sauran maganar. "A ba ni ɗaya. A ƙunshe."

"Da ƙwai a sama?"

"Da duk abin da kika ga dama."

Sunansa Shunpei, sabon direba ne daga wani ƙauyen kan dutse, nesa da teku. Tun daga ranar, kullum da rana sai ya tsallako titi ya sayi ƙunshi ɗaya na yakisoba, wato soyayyar taliyar da suke sayarwa. Taliyar Baba Onodera, mahaifin Kotone, ta kowa ce, ɗan makaranta da mai dakon kifi duk aljihunsu na kai mata, kuma kowa a kan bencin rumfar yake zama ya ci da zafinta. Shunpei kaɗai ke karɓar tasa ya tsaya can bakin rumfar, ya yi ta jan Kotone da hira har lokacin aikinsa ya yi, sannan ya tafi da ƙunshin a hannu.

Kafin sanyi ya shigo, sun saba, har saƙonnin waya sun fara yawo tsakaninsu.

"Koto tawa, na wuce ta gaban rumfarku na ga kin ɗaure gashi da jan ƙyalle. Saura kaɗan in bar wata tsohuwa a tasha. Ki riƙa tausaya wa fasinjojina."

"Direbana, ido a kan titi. Yaya taliyar yau? Na ƙara maka citta."

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Duk abin da ya fito daga hannunki ba shi da na biyu."

Ta yi murmushi, amma wani abu ya tsaya mata a rai. Bai taɓa cewa gishiri ya yi yawa ba, bai taɓa cewa ƙwan ya ƙone ba, ko ranar da ta san ya ƙone ɗin.

Da ta gaya wa babanta cewa Shunpei na son zuwa gaisuwa, tsohon bai ko ɗago daga tukunyar romonsa ba.

"Wannan mai tsayuwar? Mutumin da bai taɓa zama ya ci a gabana ba, ina zan san cikinsa? Ga Daigo nan, gidansu ke murza mana taliya tun kafin a haife ki. Yaro mai ci da hannu bibbiyu."

"Baba, ba ciki zan aura ba."

"Ki iya bakinki, yarinya."

Daigon kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba. Wata safiya da ya kawo kwandunan taliya, sai ya miƙo mata wayarsa yana wani sunne kai kamar mai tausayi.

"Ba gulma na kawo ba, Kotone. Amma duba inda wahalarki ke zuwa."

Hoton Shunpei ne a bayan tasha, yana miƙa wa wata budurwa ƙunshin, tana dariya. Daigo ya ja hoton gefe, ga wani na wata ranar, ga wani kuma.

Kotone ta ƙona yatsa a ƙarfen suya ba ta ma lura ba. Ta shige bayan rumfa ta rubuta wa Shunpei:

"Wace ce ke cin abincin da nake soya maka?"

"Michiru ce, ƙanwata da na ba ki labari. Koto, kar ki sa komai a ranki."

"Na yarda ƙanwarka ce. Kai fa? Ka taɓa sa taliyata a bakinka ko sau ɗaya?"

Ta ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya sake dainawa. Ranar bai tsallako titi ba, washegari ma haka. Duk bas ɗin da ya tsaya sai gabanta ya faɗi. Ƙyamar abincin talakawa yake yi? Ko ƙarnin kifin da ke jikinta ne ya dame shi tun farko, yana ta haƙuri? Ta wanke hannu da lemun tsami har fatar ta fara saɓa.

Baba Onodera ya ga 'yarsa tana ramewa, ya kuma ji labarin hoton daga bakin Daigo. Da kansa ya aika tasha a kira masa direban.

Shunpei ya zo da rana tsaka, rumfa cike da mutane, fuskarsa duk ta faɗa. Tsohon ya soya faranti guda da hannunsa, ya kwarara romo, ya ɗora ƙwai, ya dire a kan benci.

"Zauna. Ka ce kana son 'yata. Ci."

"Baba, akwai maganar da ya kamata in..."

"Magana bayan ci."

Daigo na jingine da motarsa yana murmushi. Shunpei ya dubi Kotone. Ita kuwa ta kawar da kai, don idonta ya cika. Sai ya ɗauki tsinkayen cin abinci, ya kai loma, ya ƙara, ya ƙara.

"Koto," ya ce a hankali, "ashe haka take da daɗi."

Muryarsa ce ta fara shaƙewa. Ta juyo ta ga leɓɓansa sun kumbura, wuyansa ya yi jawur, yana jan numfashi da wani irin ƙara. Ya lalubi aljihun rigarsa, ya zamo daga bencin.

"Shunpei! Wayyo, Baba, ba ya numfashi!"

Ta durƙusa ta zaro abin da yake laluba, wata allura ce mai kama da alƙalami. Ya kama hannunta ya kai cinyarsa, ta danna da iya ƙarfinta. Daigo ne, murmushin ya gudu daga fuskarsa, ya kira motar asibiti yana in'ina.

A barandar asibiti wata budurwa ta iso a guje, ita ce ta cikin hoton.

"Ke ce Kotone? Me Yaya ya ci?"

"Taliyarmu."

Michiru ta dafe kai. "Da romon kifi? Ai borin jini gare shi tun yana yaro, kifi ko kaɗan ne yana iya kashe shi! Kullum ina ce masa ya gaya miki, sai ya ce in babanki ya ji ba zai ba shi ke ba. Ni ke cinye taliyar, dubi yadda na yi ƙiba."

Kotone ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta nemi wuri ta zauna. Babanta na zaune gefe da rigar aikinsa, ya ƙura wa tafin hannunsa ido har likita ya fito ya ce an shawo kan abin.

Da aka bar ta ta shiga, daga bakin ƙofa ta tsaya, tana tsoron ko kayan jikinta ma su cutar da shi.

"Matso mana," ya ce da dusasshiyar murya. "Likita ya ce ci ne matsalar, ba ke ba."

"Da ka mutu fa? A hannuna, da abincin gidanmu?"

"Na ga kin kawar da kai ne, sai na ji gara in ci."

"Mara hankali kawai." Ta fashe da kuka. "Ka sake ɓoye min wani abu, ni zan kashe ka, ba kifi ba."

A gida kuwa magana ta ƙara tsauri. Baba Onodera ya ce gidan da ko bangonsa ya sha romon kifi ba wurin zaman wannan yaron ba ne, shi ba zai zama sanadin ɗan mutane ba. Ya daina zancen Daigo, amma ya daina zancen kowa ma. Kotone ta riƙa ganinsa yana fita da sassafe, yana dawowa da ƙulle-ƙulle, yana rufe kansa a madafa. Ta rubuta wa Shunpei:

"Direbana, Baba ba ya magana. Ina jin tsoro."

"Ni ma, Koto. Amma ina nan, ba inda zan je."

Wata ranar Lahadi tsohon ya ce ta kira shi. Suka tarar da sabon ƙaramin ƙarfen suya a can ƙarshen rumfa, da sabuwar tukunya, da sabon ludayi.

"Romon nan ganyen teku ne da albasa, babu ko ƙayar kifi," ya ce yana harare-harare. "Na kai wa likitanka ya duba duk abin da na sa. Zauna."

Shunpei ya ci. Kotone ta riƙe sabuwar allura a tafin hannu, tana kallon wuyansa, tana sauraron kowane numfashi. Ya cinye tas, ya ajiye tsinkayen, ba abin da ya faru.

"Yaya?" in ji tsohon.

Shunpei ya goge baki. "Baba, gaskiya gishiri ya ɗan yi kaɗan."

Tsohon ya zaro ido, sai kuma ya tuntsire da dariya har da tari. "Ka ji ɗan banza! To, turo manyanka."

Aka ɗaura auren da bazara, a ɗakin ibadar da ke kan tudu mai kallon teku. Direbobi suka zo da kayan aikinsu, masu dakon kifi suka zo da matansu, Daigo ya kawo taliyar biki kyauta ya kuma nemi wuri kusa da Michiru. Da za a rabu, Baba Onodera ya haɗa hannun amarya da na ango cikin nasa hannun mai tabon ƙuna.

"Ita kaɗai gare ni," ya ce. "Ka riƙe ta da gaskiya, ke kuma ki kula min da shi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare."

Jama'a suka amsa da amin, Kotone ta sunkuyar da kai tana share hawaye da hannun rigar amarcinta.