Muryar Motar Baba

Ƙarar ya fara ji kafin ya ga motar. Wata tsohuwar jif ce ta shigo garejin tana jan salansa a ƙasa, an ɗaure ta da waya. Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa, sai ga wata budurwa ta diro daga wajen direba, takalmanta duk taɓo.

"Sannu da aiki, malam. Kai ne mai haɗa salansa?"

"Ni ne. Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Dutse," ta ce tana dariya. "Da ni."

Ya shiga ƙarƙashin motar ya daɗe bai fito ba. Ya gama ganin ɓarnar tuntuni, kunyar haɗa ido da ita ce kawai ta riƙe shi.

Auta ake kiranta. Aikinta yi wa dabbobi allura a ƙauyukan bayan duwatsu, inda babu kwalta, sai rami da rafi. Motar ta babanta ce, tsohon direba da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi.

Mai Walda ya ce ba zai sa mata ta kanti ba. Da hannunsa zai lanƙwasa bututun, ya bi da shi ta saman ƙarfen tayoyin baya, nesa da tankin mai da tiyon birki. Tukunyar salansar kuma ya ɗaga ta sama inda dutse ba zai taɓa ba.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Auta kullum sai ta leƙo, wai ta zo duba mota. In ba ta zo ba sai saƙo.

"Maƙerina, ka ci abinci, ko har yanzu kana ƙarƙashin tsohuwar nan?"

"Na ci, Direbata. Amma bai yi daɗi ba, ba ki zo kin dame ni da surutu ba."

Ranar da ya gama, aka tayar da mota, shiru kamar ba a kunna ba. Auta ta yi ta murna. Shi ma ya ɗauka ya yi abin kirki.

Abin da bai sani ba, Baba kullum da yamma yana zama a ƙofar gida yana kasa kunne. Tun daga kwanar layi yake gane motarsa, sai hankalinsa ya kwanta, ya ce wa Mama 'yarta ta dawo. Ranar nan yana zaune cikin zullumi har Auta ta ajiye mota ta dafa kafaɗarsa. Ya zabura.

"Wa ya kashe wa motata murya?"

Don haka da Mai Walda ya je gaishe shi da maganar Auta, ko tabarma ba a ba shi ba.

"Ni ido ya tafi, kunne ya rage mini. Ka raba ni da muryar motata, yanzu ka dawo raba ni da 'yata? Tashi ka ba ni wuri."

Mai fentin da ke maƙwabtaka da garejin, wanda ya daɗe yana son Auta, ya ga dama ta samu. Ya kai wa Baba wata mota mai salansar kanti, ya taka mai har kaji suka watse. Baba ya toshe kunne ya ce, "Wannan ihu ne, ɗana. Je ka da abinka."

Shi kuwa Mai Walda ya yi ɗif, ba kira ba saƙo. Auta ta kasa daurewa, ta tura masa saƙo.

"Ka haƙura da ni ke nan? Faɗa ɗaya na Baba ya kore ka?"

"Ban haƙura ba, Direbata. Ina wajen masu gwangwan ina tonon tsohuwar salansarku. Ko ƙarfen garin nan zan juye duka sai na same ta."

Ya same ta kuwa. Da ya yanka cikinta sai ya ga wani faci da Baba ya taɓa yi da ƙarfen duro, an huhhuda shi da ƙusa. Ya kwaikwaya, amma shi bai san asalin muryar ba, tun da a karye ya fara jin ta. Ya koma ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, hannu nake da shi, kai ke da kunnen. Ka taimaka ka zo ka zauna."

Baba ya zo yana mita. Aka ba shi kujera, Auta na taka mai, Mai Walda na yanka yana liƙewa.

"Ta yi kauri," in ji Baba.

Ya ƙara huda.

"Kai, wannan ai akuya ce mai mura!"

Ya toshe ɗaya, ya matsar da facin baya kaɗan. Gumi ya jiƙa masa riga. Da aka sake tayarwa, Baba ya ɗaga hannu.

"Auta, taka a hankali." Ya kasa kunne, idonsa ya kawo ruwa. "Ita ce. To saura ka mayar da bututun ƙasa yadda na san shi."

"Wannan kam a'a, Baba, ka yi haƙuri. In na sauke shi dutse zai sake tsinke shi, Auta ta tsaya a daji ita kaɗai. Ko za ka sake korata ba zan sauke ba."

Auta ta dafe ƙirji. Baba ya jira ƙarfen ya huce, ya durƙusa ya bi bututun da hannu tun daga gaba har baya. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Yaron nan taurin kai gare shi, kamar ke. Ka turo manyanka."

Ranar aure Baba ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Amma ka ji sharaɗina: in ta taso aiki, ta ƙofata za ta fara bi kafin ta zo gidanka."

"Na yarda, Baba," in ji ango, Auta na murmushi ƙasa-ƙasa. Mama da sauran dangi suka amsa da amin.